Tabon Sahabi

Maigidana yana da tabo a baya. Ya taso daga kafaɗar hagu ya gangaro har haƙarƙari, mai kauri kamar an ɗinka masa igiya a fata. Ni da nake matarsa sai bayan aure na gan shi, a ɗaka, shi ma yana jin nauyi yana juya mini gefe. Amma je ku tambayi Kiristocin Gusau da na Funtuwa da na Ƙaura, babu wanda bai san tabon nan ba. Akwai matan mutane da suka fi ni sanin tsawonsa. In kun ji muryata tana tashi a cikin labarin nan ku yi haƙuri, haka Allah ya yi ni, kuma abin bai huce ba.

Sunana Rifkatu. A cikin coci na buɗe ido, iyayena manoma ne a gindin duwatsun Kwatarkwashi. Shi kuwa maigidan, Sahabi, yau dai na kama sunan, ɗan Nahuce ne, gidan Musulmi gaba da baya. Yana saurayi ya zo Gusau koyon kafinta, a nan ya ji bishara, ya ba da gaskiya, aka yi masa baftisma aka raɗa masa Istifanus. Da labari ya kai gida, yayansa Hamidu ya tare shi da maganar a gona ana girbin gero. Magana ta yi zafi, magirbi yana hannu, ya kai masa sara. Asalin tabon ke nan.

Labarin yana da sauran rabi, wanda ni kaɗai nake ji a ɗaka. Da Hamidu ya ga jini, jefar da magirbin ya yi, ya yage rigarsa ya ɗaure ciwon, ya goya ƙanensa yana gudu yana kuka har bakin titi, ya tare mota zuwa asibitin Bungudu. Shi ya yi jinyarsa har ya miƙe. Sai da ya warke ne mahaifinsu ya ce kada ya sake taka masa ƙofar gida, kuma tsohon ya rasu a kan bakansa.

Muna zaune lafiya a Tudun Wadar Gusau, shi yana ƙera kujeru ni ina suyar ƙosai, har aka kawo mana Fasto Gayus. Ƙaton mutum ne mai farin hankici, murya gare shi kamar ana mirgina ganga, in yana wa'azi ko ɗan jariri shiru yake yi. Wata rana ya tarar da Sahabi ya tuɓe riga yana gyaran bencin coci. Daga ranar muka shiga uku.

Duk inda za a yi babban taro sai an tafi da Istifanus. A kira shi gaba, ya ba da shaida, in ya zo wurin sara sai Fasto ya ce ya cire riga ya juya wa jama'a baya. Mata su fashe da kuka, maza su ɗaga hannu, Halleluya ta cika wuri. Baƙi na nesa har hoto suke ɗauka. In an tashi, manya su wuce falon Fasto cin shinkafa da kaji, shi kuma gwarzon bangaskiya ya ɓalla maɓallan rigarsa ya je ya kama kwasar benci. Sau ɗaya ya ce yana so ya faɗi yadda Hamidu ya goya shi. Fasto ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, shaida ba tatsuniya ba ce. Inda ta taɓa zuciyar mutane, nan ake tsayawa."

Ni tun farko abin bai kwanta mini ba. Na ce masa, "Malam, kai rago ne da za a riƙa ɗaga maka wutsiya a kasuwa?" Sai ya yi murmushi ya ce in dai wani zai sami ceto ta dalilin bayansa, a yi ta kallo. Mutum ne mai tsoron Allah na gaske, irin wanda ba ya kai loma baki sai ya sunkuyar da kai. Da wannan halin nasa aka ci shi.

A cikin danginsa mutum ɗaya ce ba ta yanke shi ba, ƙanwarsa Shafa'atu da ke aure a Bungudu. Ta hannunta yake aika wa mahaifiyarsu, Iya Juwairiyya, goro da sabulu, da turmin zane in salla ta zo. Ba a taɓa maido da kayan ba, ba a kuma taɓa aiko da godiya ba. To a daminar tis'in da takwas, ba a daɗe da yanke mana jiha ba, sai ga Shafa'atu da ƙafarta a Tudun Wada. Ta ce idon Iya ya tafi, kunne ya yi nauyi, ba ta fita ɗaka, kuma ta fara kiran sunansa. Ta ce Yaya Hamidu ya ce in zai zo ya zo.

Sahabi ya tafi washegari. Da ya dawo na ajiye masa abinci bai taɓa ba, yana dariya hawaye suna zuba. Ya ce Hamidu ya karɓe shi a zaure, sun yi musabaha kowa yana kallon ƙasa. Ya ce Iya ta laluba fuskarsa, ta ja kunnensa kamar yana yaro, sannan ta zura hannu ta wuyan rigarsa ta bi tabon da yatsa daga sama har ƙasa. Shi kuwa ya faɗi gabanta ya ce ta yafe masa.

Ya maimaita mini maganarta da irin bakinta na mutanen ƙauye. Ta ce, "Ba ni yahe ma kai ɗai a ɓoye. In anka yi kaka, ka taho da matarka da ɗiyanka. In sa a tuƙa tuwon sabon gero cikin akushinku, kai da Babba ku zamna gabana ku ci, in ji motsin hannuwanku. Sa'annan in yahe muku ku biyu baki ɗaya." Babba shi ne Hamidu, ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ta ƙara da cewa, "Wanga abu na bayanka kuwa a ruhe shi. Ɗan'uwanka ya sha kunyar abin ga shekara da shekaru, ta ishe shi."

Akushin nan baƙi ne, na itace, a cikinsa suka ci tuwo tun suna 'yan yara, kowa da gefensa, in wani ya ƙetara a mari hannunsa. Tun ranar da aka kori Sahabi Iya ta kife shi a kan randa, ba ta bari kowa ya ƙara ci a ciki ba. Kuma duk Bahaushe, mai zuwa coci ne ko mai zuwa masallaci, ya san abin da ake nufi da uwa ta bar duniya ba ta ce maka na yafe ba. Wannan kalmar kaɗai mijina yake nema, kuma ga ta an sa mata rana.

Ya je ya sami Fasto Gayus, ya faɗa masa komai, ya ce daga yau ya daina cire riga. Fasto bai yi masa musu ba, har addu'a ya yi masa. Ashe ajiye amsar ya yi sai ranar Lahadi.

Ranar ya hau mimbari ya yi wa'azi a kan almajirancin da babu juyawa. Ya ce bin Almasihu ba a yi da ƙafa ɗaya a waje. Ya ce Ubangiji bai ɓoye raunukansa ba, nuna su ya yi, to wane ne kai da za ka ɓoye naka? Ya ce akwai waɗanda suka fara tafiyar nan da jini, yanzu suna so su ƙarasa ta da kwanon tuwo. Yana faɗa yana share gumi, bai kalli kowa ba, amma duk cocin sun san da wa ake. Ina daga ɓangaren mata ina hango Sahabi, kansa yana ƙara yin ƙasa. Na yunƙura zan tashi, Mama Saratu ta zumuntar mata ta danne mini zane da gwiwarta.

Muna isa gida na sauke abin da ke cikina. Na ce, "Malam, wa'azin nan ba daga sama ya sauko ba, daga taron Tsafe ya zo. An gayyato manyan baƙi daga Jos, an yi musu alkawarin bayanka, shi ke nan fa."

Ya ce, "Rifkatu, in kuma gaskiya ce fa? In kunyar Ubangijina na fara ji?"

"Haba Malam! Ubangijin da ka bar gidanku dominsa, shi ne bai san ka ba sai ka tuɓe?"

Ya tashi ya shige ɗaka. Kwana da kwanaki yana azumi yana rama, ina ta masifa ni kaɗai kamar mahaukaciya. Daga ƙarshe ya yanke shawarar da ya ga ta raba gardama. Zai je Tsafe ya ba da shaida, amma duka zai faɗa, har goyon da jinyar, ba cire riga, ba kama suna, ba ambaton gari. Ya gaya wa Fasto dalili ƙarara, cewa Wasila, 'yar Hamidu ta fari, a Tsafe take aure. A gabana Fasto ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Ba suna, ba gari, ba riga. Ka ji na faɗa."

Ruwa yana ɗaukewa aka yi taron. Lokacin wahalar mai ce, a bayan a-kori-kura muka tafi, an cusa mu kamar buhunan gyaɗa. A wani fili bayan coci aka kafa rumfuna, gidajen mutane sun kewaye shi. Abin da na fara gani shi ne lasifika, manya-manya, an ɗaure wasu a kan turaku, wata a kan reshen darbejiya, bakinsu duk yana kallon gari. Na taɓa Sahabi na nuna masa. Ya ce, "An yi alkawari." Kusa da mimbari kuma ga wani da rediyo yana ɗaukar komai a kaset.

Bayan la'asar aka kira shi. Ya fito da farar rigarsa da na goge masa da hannuna, ya riƙe abin magana, ya fara a hankali. Ya ce shi ɗan manoma ne. Ya ce yana da ɗan'uwa da suka tashi suna ci a kwano ɗaya. Ya faɗi yadda ya ji bishara, ya faɗi ranar girbi. Ya ce, "Sai ɗan'uwan nan nawa, cikin zafin zuciya, ya kai mini sara. Amma ku tsaya ku ji abin da ya yi bayan..."

Jama'a suka ɗauki salati irin namu, wayyo Yesu, wayyo Yesu. Wannan ƙarar ita ce Fasto Gayus ba ya iya jurewa, in ya ji ta sai jikinsa ya hau rawa. Kafin ka ce me ya fizge abin maganar.

"Kun ji? Kun ji, jama'ar Allah? Ba baƙo ba ne! Uwa ɗaya uba ɗaya! Hamidu sunansa, yana nan da ransa a Nahuce, ƙasar Bungudu! Ya ɗaga ƙarfe zai kashe ƙanensa saboda sunan Yesu! Ku nuna musu! Ku nuna musu su gani!"

Wasu 'yan agaji biyu suka kama rigar ta baya suka yaye ta har wuya, suka juya shi. Ganguna suka tashi. Ina ganin bakin mijina yana motsi, na san abin da yake faɗa, shi ne ya goya ni, shi ne ya goya ni, amma ko na kusa da shi bai ji ba. Sunan Hamidu kuwa na ji shi ya daki bangon gidaje ya dawo.

Na ƙwalla ƙara na yi gaba zan hau mimbarin. Matan zumunta suka rirriƙe ni suka kwantar, wai Ruhu Mai Tsarki ne ya sauko mini. Ina zagi suna Amin, ina shure-shure suna yi mini fifita da mayafi. Tir da wannan rana.

Da aka tashi na kutsa har inda manya suke. Sahabi ya riga ni, yana tsaye gaban Fasto yana cewa, "Baba, ka yi mini alkawari." Fasto ya rungume shi ya ce, "Ruhu ne ya kama ni, ɗana. Ba ka ga yawan waɗanda suka fito gaba ba?" Ni kuwa na ce, "Baba Fasto, Ruhu ne ya manta alkawarin ko kai ne?" A gaban baƙin Jos na faɗa, kuma na ƙara wasu da ba zan maimaita ba. A kan wannan dattawa suka sa ni a horo, aka hana ni cin jibin Ubangiji, gurasar nan da ake rabawa a coci. Shi wanda ya karya alkawari, shi ne mai gutsura gurasar.

Za mu hau mota, na hango wata yarinya a ƙofar wani gida daf da filin, da goyo a bayanta, wasu tsofaffin mata sun kewaye ta suna magana suna nuno mu. Doguwar fuska gare ta irin ta gidan su Sahabi. Ta dube mu, ta juya ta shige. Sahabi ya ce, "Wasila ce."

Duk da haka da gero ya shiga rumbu, ranar da aka sa ta zo, muka shirya. Na yi wa 'yarmu Ladi kitso, na sa wa ɗanmu Bulus sabuwar riga, na koya musu yadda za su durƙusa su ce Iya ina wuni. Muka sayi goro da sukari da zane. A mota Sahabi yana ta gaya wa yaran cewa kakarsu ba ta gani, da hannu za ta san su, kada su ji tsoro.

Da hantsi muka isa Nahuce. Hamidu yana zaune a dakalin ƙofar gida, dattijo mai furfura a gemu, kamarsu ɗaya da mijina. Da zagi ya tarbe mu da na san abin yi, ni ma ina da baki. Amma gaisuwa ya yi mana, doguwa, cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙon da ba a sani ba. Ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Gusau. Bai matsa daga bakin zauren ba.

Sahabi ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya ce, "Yaya, na zo."

Hamidu ya ce, "Na gani. Wasila ma ta zo. Surukanta sun tambaye ta ko ubanta mai kisan kai ne. Yara suna bin ta rijiya suna hwaɗin sunana." Ya ɗago ya dube shi. "Ni na sare ka, ban taɓa musu ba, kuma ban ƙara barci mai daɗi ba tun rannan. Ni kuma na goya ka. Wannan ba ka hwaɗa musu ba?"

"Yaya, zan faɗa aka karɓe abin maganar."

"Rigar fa? Can Huntuwa da Ƙaura da sauran wurare, duk karɓewa anka yi? Ina ji, ina haɗiyewa, don ba a kama sunana ba. Tsohuwa ta roƙe ka abu guda. Ka kai bayanka kasuwa ka samu masu saye, to ka tahi ka ci da su."

Na sa baki na ce, "Yaya, Allah ya sani ba laifinsa ba ne, ina wurin." Ya dube ni ba tare da fushi ba ya ce, "Ke baƙuwa ce, ba ni da magana da ke sai alheri."

Sahabi ya ce ko ba za a ci tuwon ba, a bar shi ya shiga ya gaida Iya, a bar yaran nan ta shafa kansu. Hamidu ya ce, "Ba yau ba." Sai mijina, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya miƙe ya ƙwala kira ta saman katanga, "Iya!" Kaji suka watse. Hamidu ya ce, "Kunnenta ya tahi, kada ka tara mana mutane."

Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin wata bedi can gefe, aka aiko mana da tuwo a kwanon sha-ka-tafi, irin wanda ake miƙa wa matafiyi. Tuwon sabon gero ne, miyar kuka da man shanu, ƙamshinsa har yau yana hancina. Yara suka ci don yunwa suke ji. Mu muka zauna muna kallon zaure har aka kira la'asar, Hamidu ya tashi ya ja ƙyaure ya tafi masallaci, mu ma muka kama hanya. Bayan nan Sahabi ya koma shi kaɗai, ya sake komawa, ƙofar dai a rufe take.

Sanyi ya shigo sosai, wata safiya ina tsakar suya sai ga Shafa'atu da ƙunshi a ka. Tun daga yadda ta yi sallama na sauke kaskon. Ta ce Iya ta cika jiya da safe, kafin azahar an kai ta. Sahabi yana riƙe da zarto, ya ajiye shi a hankali, ya zauna a ƙasa cikin garin katako.

Da aka yi kuka aka gaji, ya ce, "Ta san na zo?"

Shafa'atu ta rufe fuska da mayafi. Ta ce ranar nan tun da asuba Iya ta sa aka sauko da akushin, aka wanke, aka shafe shi da mai. Ta sa aka yi mata wanka, ta ɗaura zanen da ya aiko mata da salla, ta ce a jingina ta da bango. Aka zuba tuwo aka ajiye gabanta. Duk wanda ya shigo sai ta ce, sun iso? Babu wanda ya iya gaya mata zancen Tsafe, babu wanda ya iya gaya mata muna gindin bedi. Da yamma Hamidu ya shiga, ta tambaye shi, ya ce bai zo ba. Sai ta ce, "To. Aikin ɗakin ibadarsu ne ya riƙe shi. A ruhe tuwon." Kuma daga ranar kullum sai ta tambaya.

Sahabi ya ce, "Da za ta cika fa? Ta yi maganata? Ta ce ta yafe?"

"Yaya Hamidu ya roƙe ta nashi, yana kuka. Ta ce ta riga ta hwaɗa, sai kun zamna ku biyu. Ta ce a jira ka."

Ta kwance ƙunshin. Akushin ne, yana ta ƙyallin mai. Ta ce Hamidu ne ya ce a kawo, shi ba ya iya haɗa ido da shi.

Mutanen coci sun zo gaisuwa, ba zan ci haƙƙinsu ba, Mama Saratu har kwana ta yi tana taya ni aiki. Fasto Gayus ma ya zo da farin hankicinsa, ya tuɓe takalmi a ƙofar ɗaki, ya yi addu'a mai daɗi, don bakin addu'a kam Allah ya ba shi. Da ya shafa sai ya laluba aljihu ya fito da kaset. Ya ce na Tsafe ne, ya kai Jos, ya kai Kaduna, mutane suna ta kuka suna tuba. Ya ce, "Istifanus, yanzu shaidarka ta cika. Har mahaifiya ka sadaukar, ba ka ga gawarta ba, saboda Almasihu. Akwai taro a Kaduna bayan Kirsimeti, in ka faɗi wannan babu wanda zai tsaya da ƙafarsa."

Na buɗe baki, Sahabi ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Baba Fasto, da na bi Yesu aka rufe mini ƙofar gidanmu, ban taɓa yi masa ƙorafi ba. Bana shi da kansa ya buɗe mini ita. Ba shi ya sake rufe ta ba, kuma ba zan tsaya gaban mutane in ɗora masa ba." Ya tura masa kaset ɗin a kan tabarma. Ni kuwa na fita na kwashi takalman Fasto na kai su ƙofar gida, can bakin kwata, na dawo na ce masa suna jiransa.

Ba mu bar coci ba, kada wani ya yi mana sharri. Ni da Yesu ba mu yi faɗa ba. Sahabi yana zama a bencin ƙarshe, wanda shi ya ƙera shi, yana waƙa ƙasa-ƙasa, rigarsa a ɓalle har wuya ko ana zafin bazara. An ɗage mini horo tuni. Amma in ana addu'a aka zo wurin gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, bakina rufewa yake yi, kuma na gaya wa Allah gaskiya ban kai nan ba tukuna. Fasto Gayus an yi masa ƙarin girma an mai da shi babban birni. Na ji an ce ya samo wani yaro mai ƙuna a hannu.

A akushin nan maigidan yake cin tuwo yanzu, ya ƙi kowane kwano. In na ajiye masa sai ya sunkuyar da kai ya yi addu'a, ya sa yatsa ya ja layi a tsakiya, ya ci gefen da ke gabansa. Ɗaya gefen ko miyarsa ba ya taɓawa. Ranar farko Bulus ya miƙa hannu zai ɗiba, uban ya riƙe hannun ya ce na Baffanka ne. Na yi faɗa, na yi lallashi, na rage tuwon don kada a yi asara, ya raba ɗan abin da na zuba ɗin ma biyu. Yanzu na daina magana. In ya wanke hannu ya tashi, ni nake kwashe rabin Hamidu in watsa wa kaji.